Mai Sayen Dutse a Bakin Rami

Akwai sana'ar da duk hajarta kan shige aljihun riga guda, kayan aikinta kuma ba su wuce tocila da ɗan ƙaramin sikeli da madubin ƙara girma da farar takarda ba, amma sai mutum ya yi shekaru yana bin ubangida kafin a bar shi ya buɗe baki ya yi tayi. Ita ce sana'ar sayen ɗanyen dutse mai daraja daga hannun waɗanda suka haƙo shi. Ba dillalin da ke zaune a shago a Jos ko Ibadan yana jiran a kawo masa nake nufi ba, ko da yake shi ma yana da tasa ƙwarewar. Ina magana ne a kan wanda ke hawa babur ya bi hanyar da mota ba ta bi, ya sauka a ƙauyen mahaƙa, ya zauna a tabarma ɗaya da maigida da 'ya'yansa, a kwance ƙullin tsumma a gabansa.

Ƙasar nan ta ba shi wuraren zuwa. A tsaunin Mambila, cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, ana samun shuɗin yakutu, wanda 'yan kasuwar ke kira safaya, a cikin tsakuwar da ruwa ya tara a kwaruruka. Akwai irinsa a ƙasar Jema'a da ke kudancin Kaduna, sai dai na can ya fi duhu. Zumurrudu da akwamarin suna fitowa a wajajen Nasarawa Eggon da Gwantu. Tomalin mai launi iri-iri, daga kore zuwa ja, ana haƙo shi a yankin Keffi, da Ijero a Jihar Ekiti, da arewacin Jihar Oyo, inda kuma aka samu ganet mai ruwan lemo. A 2001 ne aka gane cewa Najeriya na da tomalin ɗin nan mai sinadarin jan ƙarfe, mai shuɗi kamar an kunna masa wuta, wanda kafin nan ba a san shi a ko'ina ba sai a ƙasar Burazil. Shi kuwa tofaz, tsaunukan Jos ne gidansa, inda yake fitowa tare da kuza. Haƙa ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Tun kafin Turawa su zo, mutanen Ririwai suna narkar da kuza suna sayarwa, kuma da kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985 kamfanoni suka tattara komatsansu, mutanen da suka san ƙasa da diga ba su manta aikin ba. Sun ci gaba da haƙa da kansu, gida-gida. A yawancin waɗannan sansanoni, har da na ƙasar Yarbawa, da Hausa ake ciniki.

Abu na farko da gwanin mai saye yake yi idan an zube masa duwatsu shi ne ya ƙi gaggawa. Ba ya yanke hukunci da daddare a hasken janareta, ba ya yi a tsakar rana mai ƙuna, domin hasken kwan lantarki na ƙara wa jan dutse ja, rana tsaka kuma na sa kowane dutse ya yi kyau fiye da yadda yake. Yana son hasken safe ko na inuwa, a kan farar takarda ko farin faranti. Idan an kawo dutsen a jiƙe, ko a cikin 'yar kwalba da mai, sai ya goge shi ya jira ya bushe. Ruwa da mai suna shiga tsaga su ɓoye ta. Sai ya ga dutsen a bushe ya san inda ya fashe, sannan ya jiƙa shi da kansa don ya leƙa cikinsa.

Daga nan sai siffa. Kowane dutse da yadda Allah ya tsara masa girma, kuma idon da ya saba yakan gane shi tun kafin ya ɗauka. Akwamarin da zumurrudu 'yan gida ɗaya ne, suna fitowa a sanda mai gefe shida. Tomalin ma sanda ne, amma jikinsa da zane-zane a tsaye daga sama zuwa ƙasa, kuma in ka dube shi ta kai za ka ga kusurwa uku masu ɗan kumburi. Tofaz yana da hali guda da ke tona shi: yana tsagewa a shafe, sumul, ta gindinsa, kamar an yanka da wuƙa. Safayar da ruwa ya daɗe yana gungurawa takan rasa kusurwoyinta, to a nan nauyi ke magana. Safaya ta ninka ruwa nauyi sau 4, tofaz kusan sau 3.5, tomalin sau 3 da 'yan kai, kwalba kuwa wajen sau 2.5. Wanda ya shekara yana jujjuya duwatsu a tafinsa yana jin wannan bambanci kafin sikeli ya faɗa masa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, hannu ma haka.

Akwai kuma tauri. A ma'aunin da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, lu'ulu'un daimon ne na 10, safaya 9, tofaz 8, farin dutsen nan mai ƙyalli da ake kira kwaz 7, kwalba kuwa ba ta kai 6 ba. Wanda ke sama yana karce wanda ke ƙasa. Amma gwani ba ya saurin karce dutsen mutane, don karce ɗaya a wurin da bai dace ba na iya rage kuɗin dutse, kuma dutsen bai zama nasa ba tukuna. Ya fi dogara da tocila da madubinsa mai ƙara girma sau 10.

Wannan madubi ne ke raba shi da hasara, domin inda duk aka ce kuɗi na fitowa daga ƙasa, 'yan damfara na biye. Akwai mai fasa koriyar kwalba ko shuɗiya, ya goge ta da yashi, ya shafa mata jar ƙasa, ya cusa ta cikin duwatsu na gaske. Kwalba tana da kumfar iska a ciki, 'yan ƙananan ƙwallaye zagayayyu, kuma ba ta da sanyin dutse idan ka ɗora ta a kumatu. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne yakutun masana'anta. Tun 1902 Bafaranshe Auguste Verneuil ya bayyana yadda ake narkar da gari a wuta a samar da yakutu, kuma abin da ke fitowa taurinsa da nauyinsa daidai suke da na ƙasa. Irinsa yana da arha ƙwarai, ana farfasa shi a gurje shi ya yi kama da tsintuwar rafi, a kai shi har bakin rami. Sikeli ba zai kama shi ba, karce ba zai kama shi ba. Abin da ke tona shi shi ne layukan cikinsa: na masana'anta a lanƙwashe suke, na ƙasa kuwa a miƙe suke masu kusurwa, tare da 'yan ƙazantar da ƙasa ke barin wa ɗanta. Shi ya sa dutsen da ya cika tsabta fiye da kima yake tayar wa gwani hankali maimakon ya faranta masa. Sau da yawa ma mahaƙin da ya miƙo jabun bai san jabu ba ne, wani ne ya sayar masa ko ya ba shi ajiya. Gwani kan ture shi gefe ya ce, "Baba, wannan ba na raminku ba ne," ya bar maganar a nan, kowa ya tsira da mutuncinsa.

Gane cewa dutse na gaske ne rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne hango abin da zai rage bayan an yanka shi an goge. A nan nake ganin ƙwarewar ta kai maƙura, domin mutumin yana sayen abin da bai wanzu ba tukuna. Giram ɗaya karat 5 ne, amma mai yanka yakan zubar da kashi biyu cikin uku na nauyin, wani lokaci fiye, yana kauce wa tsaga yana neman siffa. Ke nan giram ɗaya na ɗanye zai iya komawa karat ɗaya da rabi, ko ƙasa da haka idan dutsen falle ne ko siriri. Mai saye yana riƙe da dutsen tsakanin yatsu biyu yana juya shi a kan tocila, a zuciyarsa yana yanka: nan saman zai kasance, nan gindin, wannan tsagar za ta tafi da kwata. Dunƙulallen dutse ya fi dogo siriri ko da nauyinsu ɗaya. Dutse guda mai giram 5 ya fi guda biyar masu giram ɗai-ɗai nesa ba kusa ba, saboda farashin karat yana hawa ne da girman dutse.

Tomalin yana da tarko nasa. Launinsa ta gefe daban, ta kai daban. Za ka ga sanda kore shar ta gefe, ka leƙa ta kai ka ga baƙi ƙirin, haske ba ya wucewa. Irin wannan in an yanka shi duhun yakan mamaye shi, sai mai yanka ya yi dabara ta musamman, kuma kuɗinsa ba ya kai na wanda kansa ke buɗe. Sabon shiga yakan ruɗu da gefe, ya biya kuɗin da ba zai dawo ba. Haka kuma dole mai saye ya san wane dutse ne wuta za ta gyara. Yawancin safayar da ke kasuwar duniya an gasa ta, a Tailan ko Siri Lanka, don launinta ya fito, akwamarin mai ɗan kore kuma ana gasa shi ya koma shuɗi zalla. Wanda ya san haka yakan ga daraja a dutsen da wani zai raina.

Sai ciniki. Mahaƙi yana son ya sayar da tarin gaba ɗaya, mai kyau ya ja maras kyau. Mai saye yana son ya zaɓa. In ya dage sai ya zaɓa, kuɗin kowane giram ya tashi, kuma ya bar iyalin da tarkacen da ba mai so. Gwanaye da yawa sukan ɗauki tarin duka ko da sun san kashi ɗaya ne kawai zai yi riba, don sun san abin da hakan ke sayo musu a gaba. Za ka ji maigida ya ce, "Alhaji, taya." Shi kuma ya ce, "A'a Baba, kayanka ne, kai za ka sa suna." A faɗi, a taya, a ce albarka, a sha shayi, a koma. Babban ɗa, wanda shi ya shiga ramin, yana gefe bai ce uffan ba, amma mai saye yana lura da fuskarsa, don ya san in ɗan bai gamsu ba, sallamawar uban ba za ta hana dutse na gaba bi ta wata hanya ba.

Wannan ne ya kawo mu ga abin da ba a koya da madubi. Dutsen da ke cikin ƙullin tsumman nan ba kasafai yake zama na mutum ɗaya ba. Akwai mai gonar da aka haƙa ramin a cikinta. Akwai waɗanda suka shiga ƙasa da diga da shebur, da masu jan guga. Akwai matan da suka wanke tsakuwa a rafi da rariya, waɗanda sau da yawa idonsu ne ya fara tsinto dutsen. Akwai kuma wanda ya ɗauki nauyin ramin, ya yi watanni yana sayen garin tuwo da man injin jan ruwa ba tare da an samu komai ba. Kowa da kasonsa, bisa yarjejeniyar da galibi da baki aka ƙulla. Mai saye na kirki yana tambaya kafin ya taya: ramin wa? Su wa ke da hannu? Yana son a ƙirga kuɗin a gaban masu haƙƙi. Dutsen da wani yaro ya kawo masa da dare a bayan gari, da rabin kuɗinsa, ya san ɓoye shi aka yi wa abokan aiki, kuma ya san ranar da maganar ta fito ƙafarsa ta gama taka wannan ƙauye. Yakan kuma fara da gaida mai unguwa ko dagaci duk lokacin da ya shiga sabon wuri, ba don al'ada kaɗai ba, don ranar da rigima ta tashi a can za a zauna.

Ribar wannan hali ita ce kira na farko. A rayuwar rami, dutse na ƙwarai ba ya fitowa kullum, wani ramin ma har a bar shi bai ba da ko ɗaya ba. A 2020 duniya ta ji labarin Saniniu Laizer na Tanzaniya, wanda mutanensa suka haƙo dutsen tanzanait guda biyu masu nauyin fiye da kilo 14, gwamnati ta saya a kan shilin biliyan 7.7. Irin wannan labari ne ke riƙe dubban mutane a rami, amma abincin yau da gobe daga ƙananan duwatsu yake fitowa. Mai sayen da ya zo a lokacin ƙananan, ya saya ba tare da raini ba, ya ba da kafin alƙalami da damina lokacin da ruwa ya cika ramuka aiki ya tsaya, ya zo suna ya zo ta'aziyya, shi ne za a buga wa waya ranar da babban ya fito, tun kafin labari ya isa kasuwa. Ba a sayen wannan kira da kuɗi a rana ɗaya. Kuma kafin alƙalamin nan takobi ne mai kaifi biyu, na sani: akwai masu amfani da shi su ɗaure iyali da bashi, su riƙa karɓar dutse a farashin da suka ga dama. Wannan ba gwaninta ba ce, zalunci ne, kuma masu yin sa su ne suka ɓata wa sana'ar suna.

Wani abin da ke burge ni shi ne mai sayen da ke koyar da waɗanda yake saye a hannunsu. A ido kamar yana yi wa kansa asara, tunda jahilcin mai kaya ribar ɗan kasuwa ce ta kusa. Amma duba wannan. A Turai da Amurka da Asiya akwai masu tara ma'adinai don kallo da nazari, waɗanda ba yankakken dutse suke so ba, sun fi son sandar akwamarin ko tomalin yadda ta fito, kanta bai gutsure ba, tana zaune a kan uwar dutsenta. Irin wannan kan yi kuɗin da ya ninka na awon giram. Mahaƙin da bai sani ba yakan sa guduma ya ɓalle sandar daga mazauninta, ya jefa ta buhu tare da sauran, ta isa gida a karce. A kwarin Shigar na arewacin Pakistan iyalan mahaƙa sun daɗe da gane haka, suna fito da dutse da mazauninsa a hankali, su naɗe kowanne daban kafin ya tafi kasuwar Namak Mandi ta Peshawar. Mai sayen da ya zauna ya nuna wa matasan rami cewa in sun fasa kogon da ke da sanduna su ajiye diga su koma aiki da hannu da ɗan ƙarfe, su naɗe kowace sanda a tsumma, ya ƙara musu kuɗi ya ƙara wa kansa. A Tanzaniya an mai da irin wannan koyarwa tsari: cibiyar nazarin duwatsu ta Amurka, GIA, ta buga ɗan littafi mai hotuna da Swahili don mahaƙa su iya tantance ɗanyen dutse, shirin Moyo Gems kuma tun 2019 yake haɗa mata mahaƙa na yankin Tanga da masu saye a ranakun kasuwa na musamman. Ina fatan ganin irin wannan littafi da Hausa, a boko da ajami.

Wanda ke zuwa bakin rami yana ganin abin da mai shago ba ya gani, kuma ganin yana ɗora masa nauyi. Yana ganin ramin da aka zurfafa ba tokari, da yaron da ya kamata a ce yana makaranta. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ana daka dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe, har sai da ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa ta shigo. Zinariya ce ba safaya ba, amma darasin ya shafi duk mai sayen abin da iyali suka haƙo: yana da bakin da ake ji, domin kuɗi na hannunsa. In ya ce ba ya sayen dutsen ramin da ake tura yara ciki, maganarsa ta fi ta jami'in da ke zuwa sau ɗaya a shekara tasiri. Haka kuma a wannan zamani na 'yan bindiga, dole ya san ko kuɗinsa na ƙarewa a hannun masu riƙe da makami, ya kuma san yadda zai yi tafiya ba a san me ke aljihunsa ba.

Ta fuskar doka, ma'adinan ƙasa mallakar Gwamnatin Tarayya ne, kuma Dokar Ma'adinai da Haƙa ta 2007 ta tanadi lasisin ƙananan mahaƙa da lasisin saye da riƙe ma'adinai, fitar da su waje kuma sai da izini da biyan kason gwamnati. Da yawa daga duwatsunmu ba ta wannan ƙofa suke fita ba. Suna bin hannu zuwa hannu har Bangkok ko Jaipur ko Idar-Oberstein ta Jamus, inda ake yanka su, a gauraya su da na wasu ƙasashe, sunan Mambila ko Keffi ya ɓace a hanya. Amma masu sayen kayan ado a waje sun fara tambayar asalin dutse, wasu har suna ƙara kuɗi don amsar. Mutumin da ya saya a bakin rami shi kaɗai ke da ita. Shi ya sa masu hangen nesa a cikinsu suka fara riƙe littafi: rana, ƙauye, rami, nauyi, abin da aka biya, da hoton dutsen a kan sikeli kafin ya bar wurin.

Waya ta canza abubuwa da dama. Matashin da ke Gembu yana iya ɗaukar bidiyon safaya ya tura ta WhatsApp ga mutum biyar a ƙasashe uku kafin azahar, yana kuma ganin farashin da ake sa wa yankakku a intanet. Wannan ya rage cutar da ake yi wa mahaƙa, ya kuma kawo sabuwar gardama, don sai mai saye ya zauna ya yi bayanin abin da ya sa kuɗin ɗanye ba zai zama na yankakke ba: asarar nauyi, ladan mai yanka, tsagar da ba ta bayyana sai dutse ya hau injin. Sai dai kyamarar waya tana ƙara wa shuɗi shuɗi, ba ta nuna tsagar da mai ya cike, ba ta kuma gaya maka ko matar da ta tsinto dutsen a rariya ta samu kasonta. Manyan 'yan kasuwar da ke karɓar bidiyon nan a Bangkok sun san haka, shi ya sa in dutsen ya kai a yi magana, sukan nemi wani nasu da ke kusa ya hau babur ya je ya gani.